Wasiƙa zuwa Fatakwal: kafin ka biya kuɗin moton nan

Daga ƙauyenmu, ƙasar Ringim,
Jihar Jigawa.

Aminina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali. Yaya ruwan Fatakwal da ba ya ɗaukewa? Mu nan gero ya shiga rumbu, hunturu ya fara kaɗawa, leɓe duk ya tsage. Inna tana gaishe ka, ta ce in tambaye ka ko hanyar gida ce ta ɓace maka.

Ranar da ka kira waya ta yi ta yankewa, amma na tsinci abin da ya hana ni barci: wai za ka haɗa injin sassaƙa na CNC, wanda kwamfuta ke tuƙawa, irin nawa, har ka ga moto NEMA 34 a hannun wani kana shirin ɗaukar guda uku, don ka ce gara mai ƙarfi. Don Allah mayar da kuɗinka aljihu ka karanta wannan tukuna. Ni na riga na biya kuɗin makarantar, ba sai kai ma ka biya ba.

Moton da ake sa wa injin nan ba irin na fanka ba ne da ke juyawa kawai in ya sami wuta. Shi taku yake yi. Galibinsu kowane taku digiri 1.8 ne, wato taku 200 ya zagayo sau ɗaya. Kuma bai san inda yake ba. Ka tuna makahon nan na unguwarmu da ke zuwa masallaci da ƙirgen taku? To haka injin yake. Allon sarrafawa shi ke ƙirgawa, ya ce yi taku dubu, ya ɗauka an yi. In bakin sassaƙa ya cije a katako moton ya zame taku goma, ba mai gaya wa allon. Zai ci gaba da aikinsa hankali kwance, kowane layi daga nan ya kauce. Duk zaɓen moto da direba (na'urar da ke karɓar umarnin allon ta ba moto wuta) da wuta, maganar kada takun nan ya ɓace ne.

Lambar NEMA ɗin da ta ruɗe ka faɗin fuskar moton ce kawai, inda ake ɗaure shi da kusoshi. NEMA 17 inci 1.7 ne, kamar milimita 42. NEMA 23 kamar milimita 57, NEMA 34 kuwa kamar 86. Ƙarfin murɗawa daban ake rubuta shi, da Nm, kuma za ka ga moto biyu masu fuska ɗaya, wani gajere wani dogo, ƙarfinsu ya ninka na juna. Sannan ko wannan lambar ta Nm, ƙarfin riƙewa ce lokacin da moton ke tsaye cik. Da ya fara gudu ƙarfin sai ya riƙa zubewa, kuma a manyan moto ya fi saurin zubewa, saboda kwayil ɗinsu, wato naɗaɗɗiyar wayar da ke ciki, ba ya cika da wuta da wuri. Nauyin cikar nan shi suke rubutawa da mH a takardar moton. Ɗauki kwayil kamar tulu a bakin famfo. Kowane taku sai an cika shi an juye. In tulun babba ne, ruwan kuma ba ƙarfi, kafin ya kai rabi lokacin taku na gaba ya yi. Bolt shi ne ƙarfin ruwan. Akwai lissafin da masu harkar ke yi: danna alamar √ a kalkuletar wayarka a kan lambar mH, ka ninka da 32, abin da ya fito shi ne iyakar bolt ɗin da ya dace da moton. Mai 2.5 mH zai ba ka kusan 50. Mai 9 mH zai ce maka 96. Ina za ka samo direba da wutar da za su ciyar da wannan? In ka ba shi bolt 24, ƙaton moton zai yi ta gurnani, ƙaramin ya wuce shi a guje.

Ban da haka, firam ɗinka na katako ne ko bututun ƙarfe na masu walda. NEMA 34 uku nauyi ne kurum za su ƙara masa, kuma ran da ka yi kuskuren lamba, maimakon moton ya zame ya tsaya, sai ya lanƙwasa maka sanda. Ga tebur irin namu, da bai kai mita ɗaya ba, da rawutar hannu (injin da ke juya bakin sassaƙa) a kai, NEMA 23 mai kimanin 1.9 Nm da amfiya 3 ya wadatar. Cikin biyu masu ƙarfi ɗaya, ɗauki mai ƙarancin mH.

Ni ta ƙasa na faro. Ƙananan moto na cire daga matattun firinta da na tsinto a Sabon Gari, suka riƙe biro suka zana mini dagin Arewa a kwali, na yi ta murna kamar an yi mini haihuwa. Daga nan na sayi NEMA 17 da ƙananan direbobin nan A4988 da ake cusawa a kan allon da ke hawa Arduino Uno, wani ɗan allon sarrafawa. Ba laifinsu, an yi su ne don ƙananan injuna: iyakarsu bolt 35, amfiya 2 kuma sai da sanyaya sosai. Ɗan'uwansu DRV8825 ya ɗan fi su, yana kai bolt 45. A filawud siriri sun yi. Da na ɗora maɗaci, sai ƙara, sai zamewa. Biyu daga ciki kuma ni na kashe su da hannuna, na zare wayar moto alhali wuta na ciki. Ɗan ƙauri na ji, shi ke nan. Wannan ka rubuta a bangon shago: ba a cire wayar moto, ba a jona ta, sai an kashe wuta.

Inda nake so ka kashe kuɗi shi ne direba. Yanzu DM542 nake amfani da su, kowane moto da nasa akwati. Suna cin bolt 20 zuwa 50, suna ba da har amfiya 4.2, kuma da 'yan maɓallai a gefe ake saita su, ba sai ka yi ta murɗa ɗan sukurun nan da mita a hannu ba. Akwai maɓallin da ke rage wuta rabi in moto ya tsaya, ka bar shi a OFF, a nan yake ragewa, yana rage zafi ƙwarai. Za ka ga masu arha da aka rubuta wa TB6600. Suna aiki, sai dai moto ya fi ƙara da kakkarwa a kansu in yana tafiya a hankali. In aljihu zai ɗauka, tsallake su.

Maganar wuta, a nan na so in yi wayo. Ka san mu sola ce gatanmu, sai na ce me zai hana in ja kai tsaye daga batir in huta da inbata? Na 24 yana yi, amma gudu ba ƙarfi, kuma da yamma in ya ja baya sai taku ya fara ɓacewa. Na 48 kuwa tarko ne: in rana ta take yana caji, yakan haura 55, ya wuce abin da direban zai ɗauka. Shi kansa moton in yana rage gudu yana turo wuta baya, don haka ana barin sarari. Na koma akwatin wuta mai bolt 36, amfiya 10, ta inbata. Ba sai ka tara amfiyar motocin duka ba, kashi biyu cikin uku ya isa: uku masu amfiya 3, kamar 6 ke nan. Kuma kada zafin moto ya tsorata ka. Yakan yi zafin da ba ka iya barin hannu a kai, lafiyarsa ƙalau. Direbobin ne ba sa son zafi. A watan Afrilu, da shagon kwano ke zama tanda, sai da na sa musu fankar tsohuwar kwamfuta, na rufe bakin iskar da ƙyallen atamfar uwargida saboda garin katako da ƙura. Har yau tana cigiyar ɗankwalin.

Allon sarrafawa ba zan ja maka shi ba. Arduino Uno da manhajar GRBL, kyauta ce, tana tuƙa layi uku, gaba da baya, hagu da dama, sama da ƙasa. Ita nake kai har yau. Wata manhajar, Mach3, tana son tsohuwar kwamfuta mai faffaɗan bakin firinta na da, ko a ƙara mata wani allon. In kana son turo aiki daga waya, akwai manhajar FluidNC a kan allon ESP32. Fara da Uno, ko ya ƙone ba za ka yi kuka ba.

Abu ɗaya dai, kada ka yi zarin daddatsa taku. Direba na iya raba taku ɗaya gida 8, 16, 32 har sama, mutane na ɗauka yawan rabawa shi ne kyan aiki. Laushin tafiya yake ƙarawa, ba daidaito sosai ba, kuma Uno ba ya wuce bugu kusan 30,000 a daƙiƙa. Doguwar sandata mai zare da moto ke juyawa SFU1605 ce, tana tafiyar milimita 5 a kowane zagaye. In an raba taku gida 8, 200 sau 8 a raba da 5, taku 320 ke nan a milimita, shi na rubuta a saitin GRBL mai lamba $100 da $101. Da na kai shi 32, zai zama 1,280, gudun injin ya dawo kashi ɗaya cikin huɗu. Bar shi a 8.

Bari in ba ka labarin abin kunya. Bara aka kawo mini allon gadon amarya, maɗaci mai kyau, a yi masa fure da sunanta. Saura kwana huɗu kai kaya. Injin ya ci rabin aiki lafiya, ina tsaye ina kurɓar shayi, sai na ga ganyen furen dama ya hau kan na hagu da kamar faɗin farce. Na kashe, na zagi moto, na ƙara masa amfiya, na rage gudu a $110, na rage fizga a $120, na gwada a guntun katako, ya sake kaucewa. Har na fara lissafin sayen babban moto, irin tunaninka na yanzu. Yaron shagona, wanda ko firamare bai gama ba, ya ɗauki alƙalamin maka ya ja layi ɗaya daga sandar moto zuwa mahaɗin da ke kama ta da doguwar sanda. Muka kunna minti biyu, layin ya rabu biyu. Ashe ɗan sukurun mahaɗin ne ya saki, moton na juyawa daidai, sandar ce ke santsi a ciki. Na goge gefe ɗaya na sandar da fayil ya yi fili, na ɗaure tam. Allon gadon dai na juya bayansa na sake, uwar amarya ba ta sani ba, kai ma ka riƙe bakinka.

Kafin ka saya, ɗauko mini hoton takardar da ke manne a jikin moton, in ga amfiya da mH, ka kuma faɗa mini tsawon teburin da irin sandar da za ka sa, ko bel ne. In mai kayan ya ce ba takarda, bar masa abinsa. In mai waya huɗu ne kuma ba ka san 'yan biyun ba, haɗa bakin waya biyu ka murɗa sandar da yatsa, in ta yi tauri to kwayil ɗaya ne. Idan ka tashi saye, ƙara mini DM542 ɗaya na ajiya ka ba direban da ke zuwa Kano, zan aika a karɓa, kuɗinka kuma sai na sayar da riɗi.

Ka gaida maiɗakinka da yara, ka ce wa babban ina nan ina yi masa allo mai sunansa. Allah ya sada mu da alheri.

Wassalam.

Naka,
abokin zaman benci tun aji ɗaya.