Anti, So Nake In Zama Ni Ke Juya Wayata

Assalamu alaikum Anti. Ya aiki, ya haƙuri da mu? Na daɗe ina sauraron shirinki, yau kuma ni ce da kaina na kawo kuka.

Shekaruna 34, ina da aure da 'ya'ya biyu, ina aikin ofis. Damuwata waya ce. Na san wani zai ce wannan ai ba damuwa ba ce, amma bari in ba ki labarin abin da ya faru wata biyu da suka wuce.

Na je duba mahaifina, ba ya jin daɗin jikinsa. Ina zaune a bakin gadonsa ya ɗauko labarin ranar da aka haife ni, irin wahalar da marigayiya mahaifiyata ta sha, har ya kai inda aka miƙa mata ni, zai faɗi abin da ta ce. Ban taɓa jin wannan zance daga bakinsa ba. Sai wayata ta yi ƙara a jaka. Na ce bari in leƙa, ko daga wurin aiki ne. Ashe bidiyo ne wata ta turo a guruf. Daga shi na faɗa na biyu, na faɗa na uku. Ko da na ɗago kai, Baba ya yi shiru, ya harɗe hannuwansa a ƙirji. Na ce, "Baba, ina jin ka." Ya ce, "A'a uwata, ƙarasa abin da kike yi." Sau biyu na sake tuno masa da maganar, yana cewa ya manta inda ya tsaya. Ni kuwa na san bai manta ba.

A daren nan barci ya ƙaurace mini. Na shiga Digital Wellbeing, wurin nan da Google ta ƙara wa wayoyin Android a 2018 don mutum ya ga lokacin da yake ɓatawa. Awa 6 da minti 40 na yi a ranar, na buɗe wayar sau 130. Na yi ta tunani, ban iya tuna sau goma da na ɗauke ta da niyyar yin wani abu ba. Sauran duk hannuna ne ke zuwa da kansa.

Daga baya na karanta cewa wani Ba'amurke, Aza Raskin, wanda ya ƙirƙiro dabarar nan ta jan shafi ba ya ƙarewa a 2006, shi da kansa ya fito ya nuna nadama. Wato da gangan aka cire mana wurin tsayawa, inda mutum zai numfasa ya ce ya isa haka. Sanin wannan ya ɗan sanyaya mini zuciya, amma bai wanke ni ba, don ba shi ya zauna gaban Baba ba. Abin da ya ƙara tayar mini da hankali shi ne ƙaramin ɗana. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2019 cewa yaro ɗan shekara 2 zuwa 4 kada ya wuce awa ɗaya a rana yana kallon allo. Nawa shekarunsa 3, kuma ni nake miƙa masa wayar duk lokacin da ya dame ni da kuka. Yanzu ya iya tsallake talla da ɗan yatsansa, alhali bai iya saka takalminsa daidai ba.

Na yi ƙoƙari, Anti. Na goge Facebook da TikTok, kwana tara na mayar da su. Na kashe duk sanarwa sai ta kira. Na sayi agogo mai ƙararrawa, na mayar da caja falo don kada wayar ta kwana kusa da kaina. Wannan na ƙarshe ya fi komai yi mini amfani, har na koma karanta wa yara labari kafin su kwanta.

Inda na maƙale shi ne mutane. Yayata ta yi fushi don ta ga alamar shuɗi a WhatsApp amma ban amsa ba sai washegari, ta ce na fara girman kai. Maganar ta yi mini ciwo ƙwarai, don a wurin nan kawai muke jin labarin juna, muna nesa. Shugabana a ofis yakan turo saƙo ƙarfe goma na dare, kuma yana jiran amsa. Na ji cewa a Faransa tun 2017 doka ta amince ma'aikaci yana da haƙƙin ajiye saƙonnin aiki idan ya tashi, amma ni ba ni da abin da zan dogara da shi sai bakina, kuma ina tsoron ya ɗauke ni malalaciya. Maigidana kuma cewa yake na cika tsananta wa kaina. Ni na fitar da tawa daga ɗaki, tasa na haska mana fuska har tsakar dare.

Ba jefar da waya nake so in yi ba, da ita nake aiki, da ita nake zumunci. So nake duk lokacin da na ɗauke ta in san dalili, in gama in ajiye. To yaya zan fahimtar da yayata ba tare da zumunci ya yi rauni ba? Wace magana zan gaya wa shugabana da ba za ta zama rashin ladabi ba? Shi kuma maigida, in ci gaba da yi masa magana ne, ko in yi nawa in zuba ido?

Sai maganar Baba, wadda ta fi damuna. Ranar Asabar zan koma wurinsa, kuma na yanke shawarar barin wayar a gida. In fito fili in roƙe shi gafara, in ce ya ƙarasa mini labarin mahaifiyata? Ko hakan zai sa ya ji nauyi, gara in zauna kusa da shi kawai in jira? Don Allah ki amsa mini kafin ranar.

Taki,
ƙanwarki mai sauraronki kullum