A bar neman hoton X-ray don auna kan jariri

Assalamu alaikum, Malam Edita.

Daga Garwa nake rubuto maka kan wata shawara da har yanzu wasu iyaye mata da surukai ke bayarwa: wai idan yarinya ƙarama ce kuma cikin fari ne, a kai ta a ɗauki hoton X-ray, a auna kan ɗan da ƙashin ƙugunta, a san ko za ta iya haihuwa da kanta. Na san tsoron doguwar naƙuda da yoyon fitsari ne ya kawo wannan, kuma tsoro ne na gaskiya. Amma likitoci sun daɗe da barin wannan hanya.

A da an yi ta sosai a Turai. A 1956 wata likita a Oxford ta Ingila, Alice Stewart, ta gano cewa sankara, musamman ta jini, ta fi kama yaran da aka haska da X-ray tun suna ciki. A 1958 kuma Ian Donald na Glasgow ya fito da aikinsa kan na'urar ekografi, wadda sauti take amfani da shi, ba wancan haske ba. Da ita ake auna faɗin kai, wanda yakan kai kusan santimita 9 da rabi idan ciki ya isa haihuwa.

Ko wannan awon ma ba shi ke yanke hukunci ba. Ƙasusuwan kan jariri ba su gama haɗewa ba, shi ya sa muke ganin maɗiga tana motsi. Idan naƙuda ta kankama sai su ɗan hau kan juna, kan ya matse, gaɓoɓin ƙugun uwa su saki. Wane hoto ne zai nuna wannan tun mako biyu kafin ranar? Ungozomar asibiti da ke duba buɗewar bakin mahaifa da saukowar kai ita ce za ta gane ko ana bukatar tiyata, tun kafin uwa ta galabaita.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a yi ekografi sau ɗaya kafin mako 24, a kuma riƙa zuwa awon ciki. Roƙona, Malam Edita, ku gayyato likitar mata ta yi wannan bayani da Hausa da Fulatanci a lokacin da magidanta ke gida. Su ne za su tanadi kuɗin mota, su kuma ba da izini a tafi asibiti da zarar naƙuda ta fara, ko da tsakar dare ne.

Wata uwa, daga Garwa, Kamaru