Naƙasa ba ta hana riƙon 'ya'ya

Malam Edita,

Ina gaisuwa. A nan Tawa har yanzu ana jin masu cewa wanda shan-inna ya taɓa, ko makauniya, bai kamata su yi aure su haihu ba, wai wa zai riƙe yaran. Abin takaici, har a bakin Kiristoci nakan ji wannan.

To, Littafi Mai Tsarki bai faɗi haka ba. Mefiboshet gurgu ne ƙafa biyu, amma yana da ɗa, Mika, kuma a teburin Sarki Dawuda yake cin abinci (2 Sama'ila 9). A Yohanna 9 kuwa Yesu ya ƙi yarda cewa makanta hukuncin zunubin iyaye ce.

Uwar da ke tuƙa keken guragu da hannu, goyo a baya, ta kai babban ɗanta lakwal kafin rana ta yi zafi, wace tarbiyya ta rage mata? Matattakalar ƙofar majami'a ce ke hana ta shiga, sai matasa sun cicciɓe ta a gaban 'ya'yanta.

Nijar ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin naƙasassu tun 2008. Dattawan ikilisiya, 'yan buhunan siminti sun isa a yi gangara a ƙofa.

Wani mai karatu,
Tawa