Masu haɗa kiɗa a kwamfuta, ku ba yatsunku aiki

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili in yi magana da matasa masu haɗa kiɗa a kwamfuta, saboda wani kuka da suke yawan yi: mutum ya jera gaɓar kiɗa takwas, ya yi ta juya ta kwana da kwanaki, ta ƙi gaba ta ƙi baya. Sai ya zaci sautuka ne suka yi masa kaɗan, ya sauko da wasu dubu daga intanet. Ni a ganina ba nan gizo ke saƙar ba. Ido ne ke yin kiɗan, kunne da hannu suna zaman kallo.

Mai zana kiɗa da linzamin kwamfuta sai ya riga ya san abin da yake so kafin ya ajiye shi a cikin akwatin da ake jera sautuka a allon kwamfuta. Ya danna, ya saurara, ya goge. Abin da ya sani jiya shi zai sake zanawa yau. Wanda kuwa ya ɗora yatsu a kan fiyano ko tsirkiyar jita zai gwada salo goma a minti ɗaya, kuma yatsa kan zame ya faɗa inda ba a aike shi ba. Sau da yawa wannan zamewar ce ke buɗe waƙar. Ba sai an zama gwani ba. Ƙaramin fiyano mai maɓallai 25 ko 49 da ake jona wa kwamfuta ya isa a fara, ko da yake na 49 ya fi, don hannu biyu na samun wurin zama.

Mu fara da ƙarfin bugu. Tsarin MIDI, wanda kayan kiɗa ke magana da kwamfuta da shi tun 1983, yana auna ƙarfin kowane danni da lamba har zuwa 127. In ka zana da linzami, duk sautukan kan fito da lamba ɗaya, kiɗan ya yi lami. In ka buga da hannu, za ka ga na farko ya kai 100, na biyu 60, na uku 85, na huɗu 55. Ba ƙara kaɗai ke canzawa ba. A yawancin manhajojin fiyano da ganga, bugu mai taushi da mai ƙarfi sautuka ne dabam da aka naɗa dabam, don haka launin muryar ma kan sauya.

Sai lokaci, kuma nan ne aka fi yin ɓarna. A kiɗa mai bugu 120 a minti, tsakanin bugu da bugu milisakan 500 ne, in an raba shi huɗu kowane yanki 125. Hannun mutum kan riga layin da ke nuna lokacin bugu a allo ko ya makara da milisakan goma zuwa ashirin. Matashi na ganin sautukansa sun kauce daga layi sai ya danna kwantayiz, maɓallin da ke jawo sautuka kan layi, ɗari bisa ɗari, komai ya koma kan layi cif, ya zama an yi ba a yi ba. Ka rage ƙarfin gyaran zuwa kashi 50 ko 60, ya jawo sautukan kusa da layi ba tare da ya kashe su ba. Babbar ganga ta ƙasa ka bar ta daram a kan layi, ita ce turke. Sauran su yi wasa a gefenta.

Masu ƙera injinan ganga sun daɗe da gane haka. Roger Linn ya sa wa injinsa LM-1 na 1980 tsarin jinkirta kowane yanki na biyu, ya kuma kai shi cikin injin MPC60 na kamfanin Akai a 1988. A kashi 50 yankunan daidai suke. A kashi 58, a wancan saurin na 120, na biyun zai makara da milisakan 20, kiɗan ya fara rangaji. J Dilla, furodusan Amurka, ya shahara ne da buga gangarsa a MPC ba tare da ya bar injin ya miƙe masa komai ba. Amma a lura da abu ɗaya: maɓallin da ke watsa sautuka barkatai don su yi kama da na mutum bai kai hannu ba. Makarar hannu tana da tsari, a wuri ɗaya take dawowa kowace gaɓa, shi ya sa jiki ke bin ta. Ta inji kuwa kame-kame ce.

Abin da ya fi korar mutane daga buga kayan kiɗa shi ne jinkirin sauti. Ka danna, sai bayan ɗan lokaci ka ji, ka zaci hannunka ne bai iya ba, alhali saitin bafa ne, wato yawan ɗigon sauti da kwamfuta ke tarawa kafin ta fitar. In tana kan 1024 kuma ana naɗin ɗigo 44,100 a daƙiƙa, jinkirin ya kai milisakan 23, kamar ka tsaya mita takwas daga sifika. Mayar da ita 128, ya dawo ƙasa da uku. In jita ko murya ce ke shiga ta fita, lissafin ninki biyu ne. Kwamfuta za ta iya fara ƙaras-ƙaras a ƙaramar bafa, to sai ka kashe manhajojin gyaran sauti masu nauyi har ka gama naɗi, sannan ka ɗaga bafar lokacin tacewa. A Windows ka yi aiki da direban ASIO na katin sautinka, wato manhajar da ke haɗa katin da kwamfuta. Hedifon na Bluetooth kuwa ka ajiye shi gefe, jinkirinsa kan wuce milisakan ɗari. Duk wannan a saita shi tun kafin tunanin waƙa ya zo, ba a fafe gora ranar tafiya.

Kowane kayan kiɗa da darasinsa. Fiyano na koyar da yadda ake tashi daga kod zuwa kod, wato rukunin sautukan da ake bugawa tare. Mai linzami kan kwafi sautukan C, E, G ya ɗaga su gaba ɗaya zuwa F, A, C, kiɗan ya yi tsalle. Hannu kuwa ba ya son wahala: zai bar babban yatsa a kan C, ya matsa sauran biyun zuwa F da A. Kod ɗaya ne, amma ya shigo a hankali, kunne bai ji girgiza ba. Hannun hagu kuma zai nuna maka cewa can ƙasa, daga wajen C mai karkarwa 131 a daƙiƙa zuwa ƙasa, sautuka makusanta dagulewa suke yi. A can sai a ba su tazara, biyu sun isa.

Jitar bes na koyar da inda sauti ke mutuwa. Yatsan da ya ja tsirkiya shi ke dawowa ya danne ta, kuma wannan ɗan shirun ne ke ba babbar ganga wurin fita. Bes ɗin da aka zana ya cika akwati baki da baki yakan haɗiye gangar, mutum ya yi ta neman magani a manhaja, alhali rage tsawon sautin ya wadatar. Ganga na tuna maka cewa makaɗi hannu biyu da ƙafa biyu gare shi. Sarewa kuwa numfashi take koyarwa, don dole a tsaya a ja iska. Ka rera layin da ka zana da bakinka. Inda numfashinka ya ƙare, nan ya kamata a yanke shi.

In za ka naɗi jita mai lantarki kai tsaye, ka jona ta a ramin katin sauti da aka rubuta wa Hi-Z ko Inst. A ramin layi na gama-gari muryarta kan dushe. Ka saita tsirkiyoyi a kan A 440, wato sautin A mai karkarwa 440 a daƙiƙa, kafin kowane naɗi, domin sautin kwamfuta ba ya gocewa, tsirkiya ce ke saki da zafin hannu. Ka naɗa a bit 24, mafi ƙarfin bugunka ya tsaya wajen desibel 10 ƙasa da sifili a ma'aunin ƙara, don sautin da ya fashe ba ya gyaruwa. In ka ji huuu a ƙasa, zare cajar kwamfutar ka gani, ko ka juya jitar ta daina fuskantar allon. Mai naɗi da makirufo kuma ya rage ƙarar kilik, sautin da ke ƙidaya bugu, a hedifon, yakan tsiyayo ya shiga naɗin.

Ga tsarin da nake ba da shawara. Kunna gangarka tana zagayawa, danna naɗi, ka yi ta bugu minti goma ba tsayawa, ko ka yi kuskure kada ka koma baya. Kada ka saurara a ranar. Washegari ka bi shi da kunne sabo, ka yanko wuri biyu ko uku masu rai, wani ma bai wuce daƙiƙa huɗu ba. Daga nan aikin kwamfuta ya fara: yanka, juya shi baya, sauke muryarsa, canza masa kaya. In abin daɗi ya zo ba ka danna naɗi ba, manhajar haɗa kiɗa ta Ableton Live tun fitowa ta 10 tana da maɓallin da ke dawo da abin da ka buga a fiyanon MIDI, manhajar FL Studio ma tana ajiye shi.

Gaskiya ɗaya ba zan ɓoye ba: hannu ma yana da nasa ramin. Bayan 'yan watanni yatsu kan haddace hanya ɗaya, duk waƙa ta fito 'yar'uwar ta jiya. In ka ga haka, ka tilasta masa sabon wuri. Fara daga D maimakon C a fararen maɓallai, ko ka yi rana guda a baƙaƙen kaɗai, su biyar ne a kowane jeri. Mai jita ya sassauta tsirkiya ta shida daga E zuwa D, sai duk kod ɗin da ya saba kamawa ya ba shi wata murya.

Na gode da wannan fili.

Naku,
Wani mai karatu