Tatsuniyar kakarmu ce ta dawo da rigar Turai

Assalamu alaikum Malam Edita, da fatan kana lafiya kai da abokan aikinka, ya haƙuri da mu masu dogon surutu. Ni tela ce a nan Aboabo cikin Kumasi, ban taɓa rubuto muku ba, karatu kawai nake a waya in ɗinki ya lafa, amma wani abu ya faru a gidan suna a Sawaba makon jiya wanda har yau ya ƙi barina, nace bari in fitar da shi a nan ko na samu barci. In kaga Hausata ta karkace dan Allah ka miƙar da ita, kasan mu 'yan Zango mace ma "ya zo ya tafi" muke ce mata, to yau dai maganar mata zan yi, zan yi ƙoƙari in basu "ta" ɗinsu.

'Yata ce, shekararta 16, ta samu lungu ta zauna da wani littafin turanci da ta siyo gwanjo wurin masu baza littattafai a bakin titi a Adum, a bangon an zana wata yarinya riƙe da takobi, ga daji a bayanta. Kawai sai wata gwaggon babansu ta fizge littafin ta ɗaga sama tana nuna wa mata, wai ku zo ku ga abinda yaran yanzu suke karantawa, littafin aljanu da matsafa, duk yarinyar da ta saba da irin wannan ba zata yi zaman gidan miji ba. Aka kwashe da dariya. Ni kuwa na ja bakina na yi shiru, dan ba'a ja-in-ja da dangin miji a cikin taro, amma wallahi kallon da yarinyar nan tayi min shi ya hanani cin tuwon sunan.

Da muka dawo gida nace mata zo nan, bani labarin abinda ke cikin littafin nan, daga farko, kar ki ɓoye min komai. Ta fara, wai wata yarinya ce uwarta ta mutu, matar uba ta tsane ta, aka ɗora mata laifin da ba ita tayi ba aka tura ta wani wuri da ba wanda ya taɓa zuwa ya dawo, a hanya ta gamu da wata tsohuwa da kowa ke ƙyamarta... Nace ke dakata, ai wannan 'yar bora ce! Tace Mma wace 'yar bora kuma? Kunya ta kamani, dan a lokacin na gane cewa rabona da yi musu tatsuniya tun zamanin dumso wajen 2015, lokacin da ake ɗauke wuta kullum muna kwana a tsakar gida saboda zafi, tana 'yar ƙarama duk ta manta, wuta na dawowa muka koma kan talabijin da waya.

Sai na bata yadda kakata ke ba mu. 'Yar mowa tayi fitsari a shimfiɗa aka ce 'yar bora ce, aka ce sai ta je ta wanko a Ruwan Bagaja. Ta kama hanya ita kaɗai, duk kogin da ta tarar ta tambaye shi ko kai ne Ruwan Bagaja, wani na fura wani na nono wani na zuma suna cewa zo ki sha, ta ƙi sha ta wuce. Ta isa wata bukka ta tarar da cinya da kare, cinya na gurnani kare na fassara, bata yi dariya ba bata gudu ba, ta gaishe su. Aka bata ƙwayar shinkafa ɗaya da ƙashi aka ce dafa, ta dafa ba musu, tukunya ta cika. Da zata tafi aka ce zaɓi ƙwai ta ɗauki ƙarami, aka ce kar ki fasa sai inda kika tambaya ba'a amsa miki ba. Ta fasa, dawakai da dukiya suka fito. 'Yar mowa ta je da rashin kunyarta ta shanye koguna ta zagi cinya ta ɗauko babban ƙwai, ta dawo da ƙudaje da jakuna. Yarinyar nan ta riƙe baki tace Mma wai cinya ita kaɗai ba mutum? Tace wallahi ko a littattafan nata bata taɓa cin karo da abu mai ban tsoro da ban dariya lokaci guda irin wannan ba.

To Malam Edita abinda nake so gwaggo da ire-irenta su gane kenan, waɗannan littattafan ba daga sama suka faɗo ba. Turawan ma tatsuniyar kakanninsu suka ɗauko. Wasu 'yan uwa biyu a Jamus da ake kira Grimm suka tattara nasu suka buga a 1812, kuma yawanci daga bakin mata suka ji su, kafin su ma an buga wasu a Faransa tun 1697. Labarin Cinderella, yarinyar nan mai takalmi da kowa ya sani a katun, a na Jamusawan har yanke yatsa da dunduniya 'ya'yan matar uban suka yi dan ƙafarsu ta shiga, kaga su ma tasu tatsuniyar ba ta da taushin da ake nuna mana. Marubutan yanzu, mata ne da yawansu, sai su ɗauko tsohon labarin su warware shi su sake ɗinkawa. Ni da nake tela na san wannan aikin, mace zata kawo min tsohon zanin uwarta tace a mayar mata da shi yayin bana, yadin dai shi ne, kowa ya gani zai gane shi, amma daɗin yana wurin ganin inda aka juya shi. Mai karatu ta riga ta san akwai matar uba akwai daji akwai tsohuwa, jira kawai take ta ga ta ina za'a ɓullo mata.

Kuma mu nan bamu da bakin cewa baƙon abu ne. A wannan ƙasar tamu, tun tana Gwalkwas, wani Malam Shaihu ya zauna ya rubuta tatsuniyoyin Hausa da ajami da hannunsa, wani bature Rattray ya fassara aka buga a 1913. Malami fa, mai allo da tawada, bai ga cewa rubuta labarin Gizo da Dodo zai rage masa imani ba. Maƙwabtanmu Asante ma ga Ananse ɗinsu nan wanda kusan shi ne Gizonmu, yaranmu suna karanta shi a makarantar boko ba wanda ya taɓa ɗaga littafin a gidan suna. Sannan ita tatsuniya ai bata taɓa cewa gaskiya take faɗa ba, da bakinta take ƙarewa da ƙurunƙus kan kusu, ba dan Gizo ba da nayi ƙarya, da ma ƙaryar ce. Yaron da aka raina da wannan ya san bambancin labari da aƙida tun kafin ya iya ɗaura wando.

Na tambayi 'yar tawa nace to me kike ji a ciki haka da har kike mantawa da miya a wuta. Tace Mma a littafin nan ba wanda ya zo ya ɗauke ta, ita ta tashi ta tafi, kuma ana gaya maka abinda ke cikinta, tana jin haushi tana jin tsoro wani lokacin ma tana kuskure. Wannan maganar ta tsaya min. Dan ni tun ina yarinya akwai tambayar da ban taɓa iya yi wa kakata ba, wai ina uban 'yar bora yake lokacin da ake tura 'yarsa daji akan fitsarin da ba nata ba? Tatsuniya bata da lokacin wannan, minti goma ne an gama an ce a je a kwanta, 'yar bora bata fushi bata tambaya, haƙuri ne kawai daga farko har ƙarshe. Shi kuwa littafi mai shafi ɗari huɗu yana da fili, yarinyar zata tsaya a tsakiyar daji tace wai me nayi musu, zata dawo gida ta kalli uban ido cikin ido. Yarinyar Zango da ke tashi da asuba ta ɗebo ruwa ta share gida ta taya uwarta kai koko da ƙosai bakin titi kafin ta tafi makaranta, yayyenta maza suna barci ko suna ƙwallo, in ta yi magana ace ke mace ce, to dan me ba zata so labarin da mace ke yin magana a saurare ta ba? Ko ni da nake da furfura ɓoye a ƙarƙashin ɗankwali da ta karanta min wani wuri tana fassarawa sai da na dakatar da keke.

Amma fa kar ace na zo tallan littattafan Turawa ne, ina da nawa ƙorafin kuma na faɗa mata. Cikin labaran da ta bani guda huɗu ko biyar, jarumar kusan iri ɗaya ce, namiji ne kawai aka ɗaura masa zani, takobi takobi, ta raina girki ta raina sauran mata, kullum ita ba irin sauran 'yan mata bace. Haba. Kamar ba'a ƙarfi sai da sara. 'Yar bora ko wuƙa bata riƙe ba amma ta wuce kogin zuma da yunwa a cikinta bata sha ba, ta kwana a gidan da bata san ko zata wayi gari ba, wa zai ce min wannan ba jarumta bace? A tatsuniyar Daskin-da-riɗi ma duk 'yan matan da suka ci ado wucewa suka yi suka bar tsohuwa, wadda aka raina ce ta tsaya ta cuɗa mata baya, ita ta samu sirrin. Sannan kullum sai an liƙa wani ɗan sarki mai baƙin hali wanda ke wulaƙanta ta wai daga baya ashe sonta yake. Nace mata 'yar nan wannan kam ki barshi a cikin littafi, a Aboabo wanda ya fara da wulaƙanci da shi yake ƙarewa, na ɗinka kayan aure da yawa na kuma ga yadda akwatunan ke dawowa. Kuma gaskiya akwai waɗanda bangonsu kamar na yara amma cikinsu batsa ce ta manya, musamman waɗanda ake turawa a WhatsApp da Wattpad, a nan kam gwaggo tana da 'yar gaskiya, sai dai ba da fizgewa a taro ake maganinsa ba, uwa ta zauna ta tambaya ta saurara, in yaro yana baka labari da bakinsa zaka ji inda yake tsallakewa.

Abinda ke bani mamaki, muna zaune a garin da a 1900 wata tsohuwa daga Ejisu, Yaa Asantewaa, ta tsaya gaban maza ta ja yaƙi da Turawa akan kujerar zinare, aka yi wa ganuwar Turawan ƙawanya a nan cikin Kumasi, aka kama ta aka kai ta tsibirin Seshel ta mutu can a 1921, har makarantar 'yan mata aka sa wa sunanta. Mu kuma a namu ɓangaren muna alfahari da Amina ta Zazzau da Daurama da Nana Asma'u da ta tura jajis, wato malamai mata, ƙauye ƙauye suna karantar da mata. Duk muna faɗin sunayensu a taro da tafi, amma yarinya ta riƙe littafi mai hoton mace da takobi sai ace ta lalace.

Roƙona gareku shi ne ku buɗe mana wani ɗan fili a jaridar nan na irin wannan labarin da Hausa, ko sau ɗaya a wata. Marubutanmu mata na Kano da Kaduna da Zariya Allah ya basu hannu, ina karanta su, amma kishiya da Alhaji mai kuɗi da soyayyar jami'a sun isa haka, a taɓa mana Dodo da Ta-Kitse da Ƙoƙi matar Gizo wadda kullum ita ke kwashe ɓarnar mijinta ba'a taɓa jin ta bakinta ba. Kullum in na shiga Kejetia siyan zare da zif ina ganin yaran nan kayayo masu dako a kasuwa da suka baro Arewa, Tamale da Walewale da ƙauyukansu, yarinya 'yar shekara sha uku ɗauke da kwanon da ya fi ta nauyi, ta zo garin da bata jin yarensa, tana kwana a baranda, in wannan ba tafiya Ruwan Bagaja bace ban san mece ce ba, kuma ba wanda ya rubuta mata ko ƙaramin ƙwai.

'Yar tawa dai ta siyo littafin rubutu ta fara nata, wai 'yar bora ce ta shiga trotro, motar hayarmu ta nan, daga Asawase, cinya da kare kuma suna da shago a ƙarƙashin kasuwa. Da turanci ta fara nace a'a, ki yi da Hausa ko da Hausar Zango ce, tace bata iya rubuta ƙ da ɗ ba, nace Malam Edita zai gyara. Dan haka ka shirya, in ta kai shafi goma zan turo. Gwaggo kuwa asabar mai zuwa zata zo gwajin rigarta, na ajiye mata littafin akan keke.

Taku,
Wata tela daga Aboabo, Kumasi