Ana sayar wa iyaye lafazin Amurka da sunan ilimi

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina roƙon ɗan fili in amayar da abin da ya tsaya mini a rai tun ƙarshen zangon karatun da ya wuce. Ni malamin Turanci ne a wata sakandaren gwamnati a Argungu, na haura shekara 20 da alli a hannu.

Ƙanwata ce ta gayyace ni bikin raba kyaututtuka a makarantar 'yarta, wata makarantar kuɗi a Birnin Kebbi. Aka kira yarinyar, 'yar aji huɗu ta firamare, ta hau dandamali ta karɓi lasifika. Tana buɗe baki sai da na sake kallon ta. Murya ta koma hanci, harshe ya lanƙwashe, kowace "r" sai ta ja ta kamar mai jan guga a rijiya. Wuri ya kaure da tafi, wata baiwar Allah a bayana tana cewa, "Wallahi sak 'yar Amurka!" Ƙanwata har da ƙwallar farin ciki. A hanyar gida na ce, "'Yata, wannan abin da kika karanta, me yake nufi?" Ta sunkuyar da kai tana murza bakin hijabinta. Na ce ko da Hausa ne faɗa mini. Ta ce, "Kawu, anti ba ta gaya mana ba. Cewa ta yi mu haddace yadda take faɗa."

Daga baya na ga takardar kuɗin makaranta. Ban da kuɗin zango, akwai wani kuɗi na daban da suka kira na "dikshin". Wata malama ce ke zuwa daga wajen makarantar sau ɗaya a mako, ta koya wa yara su ce "wara" a maimakon water. Littafin rubutun yarinyar kuwa, da na buɗe shi, jimla uku a jere ba ta iya haɗawa ba tare da kuskure ba. An bar jaki ana dukan taiki.

Ba na gaba da Turancin Amurka. Akwai wani tsohon ɗalibina da ke aiki ta intanet da wani kamfani na can, kullum yana kan waya da mutanensu, ya zauna ya horar da kunnensa da bakinsa saboda abincinsa yana wurin. Na sa masa albarka. Amma shi ya riga ya san Turancin, lafazin ado ne ya ɗora a kai. Yaron da ke jin wannan lafazi na awa ɗaya a mako, daga bakin wadda ita ma a fim da YouTube ta tsince shi, sauran kwanakin kuma yana jin Hausa a gida da kasuwa da Islamiyya, abin da zai fito da shi gauraye ne wanda Ba'amurken ba zai gane ba, malamin ajinsa ma ba zai gane ba.

Sannan ina so iyaye su san wani abu. Jarrabawar WAEC tana da ɓangaren furuci, kuma a kan lafazin Ingila aka gina shi, domin shi muka gada tun zamanin Turawan mulki. A wannan lafazi, court da caught furucinsu ɗaya ne, don ba a furta "r" ɗin. Ba'amurke kuwa yana furta ta. Yaron da aka shekara shida ana matsa masa ya ja "r", ranar da ya zo ajina sai mun sake warware abin daga farko. Kuɗin uba ne ya saya wa ɗansa ruɗani.

Kuma wane Turancin Amurkan ake nufi? Mutumin Texas da na New York ba bakinsu ɗaya ba. Haka Ingila. Duk mai zuwa gidan kallon ƙwallo ya taɓa jin Jamie Carragher yana sharhi da bakin mutanen Liverpool, wanda bai yi kama da na masu karanta labarai a BBC ba ko kaɗan, kuma ba a hana shi kujerarsa a talabijin ba.

Abin da ya kamata mu gyara a bakin yaranmu sananne ne, kuma ba ya buƙatar kuɗi na daban. Hausa ba ta raba "p" da "f" ba, sauti ɗaya ne a wurinmu, shi ya sa pan da fan suke cakuɗe wa yaro. Haka "v" takan koma "b", "th" ta koma "s" ko "z". Waɗannan suna iya canza ma'ana, don haka wajibi ne a gyara. Ni tsinken takarda nake ba kowane ɗalibi ya riƙe a gaban leɓensa. In ya rufe leɓe ya saki "p", takardar ta yi tsalle. In ya ɗora haƙoran sama a leɓen ƙasa ya hura "f", ta kaɗa a hankali. Cikin 'yan makonni mafi yawansu sun kama.

Abin da ya fi yi mini ciwo shi ne dariya. Shekarun baya na kai wani yaro gasar muhawara, ɗan masunta daga wani ƙauye a bakin gulbi, yaron da ban taɓa koyar da mai kaifin hujja kamarsa ba. Ya tashi ya fara, kalmar people ta fito masa da "f". Ɗalibai suka fashe da dariya, har da wani daga cikin alƙalan gasar yana rufe baki da takarda. Na ga hannun yaron yana rawa. Ya ƙarasa da ƙyar, ya zauna. Har ya gama sakandare bai ƙara ɗaga hannu a ajina ba, duk lallashin da na yi. Wanda ya ci gasar ranar, kalmomi ya yi ta mirginawa a hanci, ban tsinci hujja ko ɗaya a maganarsa ba.

Na san zafin wannan dariya, domin an yi mini ita da Hausa ma. Da na tafi karatu Kano ina saurayi, in na ce "mi kake so" ko "shina tahiya" ko "wanga yaro", sai ɗaki ya ɗauka, a yi ta maimaita mini. Har na fara ɓoye Kabancina, in na zo hutu mahaifiyata ta ce bakina ya canza. Alhali Hausar Kabi da Sakkwato da Zamfara ba gurguwar Hausa ba ce, da irinta aka rubuta waƙoƙin malamanmu na jihadi. Mu da muka ɗanɗani wannan, bai kamata mu juya mu yi wa 'ya'yanmu irinta a kan harshen da ma ba namu ba.

Sa Abubakar Tafawa Ɓalewa ya yi jawabi a majalisar dokokin Amurka a watan Yulin 1961. Muryar tana nan a intanet, kowa ya saurara. Bai ari bakin masu masaukinsa ba, kalma ɗaya bayan ɗaya yake ajiyewa a natse, kuma suka miƙe suna tafa masa. Ngozi Okonjo-Iweala a jami'o'in Harvard da MIT na Amurka ta yi karatu, tana shugabantar Hukumar Ciniki ta Duniya tun 2021, amma tana buɗe baki ka san 'yar Najeriya ce. A 2020 ƙamus na Oxford ya shigar da kalmomin Turancin Najeriya 29, ciki har da okada da Kannywood. Masu harshen sun karɓi namu, mu ne muke jin kunyarsa.

Ina kira ga Ma'aikatar Ilimi ta Jihar Kebbi ta leƙa ta ga abin da ake koyarwa da sunan "dikshin", da kuma su wa ke koyar da shi. Masu makarantu, ku sayi littattafan labarai da wannan kuɗi ku zuba a aji. Iyaye kuma, in yaro ya dawo yana maƙale murya, a ce ya fassara abin da ya faɗa.

'Yar ƙanwata tana wurina wannan hutun. Kullum bayan la'asar muna karanta shafi ɗaya, ta ba ni labarinsa da Hausa, sannan ta rubuta shi da Turanci. Uwarta ta ce za ta tayar da maganar kuɗin nan ranar taron iyaye da malamai, na ce mata in Allah ya kai mu tare za mu je.

Wassalam.

Daga wani malamin Turanci,
Argungu, Jihar Kebbi.