Ta'aziyyar likitan yaran garinmu

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida mai farin jini in yi ta'aziyyar wani bawan Allah da ya rasu a garinmu makonni kaɗan da suka wuce, wanda na san ba za a buga labarin rasuwarsa a shafin farko ba, domin bai taɓa riƙe muƙamin siyasa ba. Likitan yara ne a asibitin wani ƙaramin gari da ke yammacin jihar Zamfara. Iyalinsa sun nemi a sakaya sunansa, kuma ban ga laifin hakan ba, saboda ko da yana raye, daga kan mai unguwa har zuwa mai tallar koko, “Likitan Yara” kowa yake ce masa.

Ya zo mana tun muna cikin tsohuwar jihar Sakkwato, kafin a ƙirƙiro Zamfara a 1996. Abokan karatunsa da dama sun koma Gusau ko asibitin koyarwa na Sakkwato, wasu sun haura Saudiyya da Ingila, shi kuwa ya zauna tare da mu har furfura ta cika masa gemu.

Na fara saninsa ne a wani daren hunturu, lokacin da 'yata ta fari, tana da wata takwas, ta kwana uku tana tari da zazzaɓi. Mahaifiyata ta riga ta yanke cewa beli ne, kuma da safe za a kira wanzami ya cire. Muka isa asibiti babu wutar lantarki. Ya sa ma'aikaciyar jinya ta riƙe masa fitila, ya ɗaga rigar yarinyar, ya cire agogonsa ya ajiye a kan gado, ya yi shiru na minti ɗaya cur yana ƙirga numfashinta. Sannan ya juya ga mahaifiyata ya ce, “Inna, matso ki gani.” Ya nuna mata yadda ƙasan haƙarƙarin yarinyar yake lotsawa ciki duk lokacin da ta ja numfashi, ya yi mata bayani cewa jaririn da ya kai wata biyu amma bai shekara ba, idan numfashinsa ya kai 50 a minti ɗaya, to ciwon yana cikin huhu, kuma aska ba ta kaiwa can. Bai kushe wanzami ba, bai kuma nuna wa tsohuwar cewa ba ta san komai ba. Tun daga ranar ita ce ta zama mai ɗaga rigar jikokin unguwa tana duba haƙarƙarinsu, har ta bar duniya. Yarinyar nan yau 'ya'yanta uku, kuma dukkansu sun bi ta hannunsa.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne halin da ya nuna a shekarar 2010, lokacin masifar gubar dalma. Masu karatu za su tuna cewa a ƙauyuka irin su Dareta da 'Yargalma da Abare, a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum, yara sun riƙa amai da jijjiga suna mutuwa, ana ba su maganin zazzaɓin cizon sauro ba ya yi musu komai, har ƙungiyar likitocin agaji ta ƙasa da ƙasa, MSF, ta ankarar da duniya, gwajin jini kuma ya nuna dalma ce. Yara kimanin 400 suka rasu. Dalilin kuwa shi ne duwatsun zinariya masu ɗauke da dalma da ake kwasowa daga ramuka a kawo cikin gida, a daka a turmi ko a niƙa a inji, ƙurar ta sauka a tsakar gida inda yara ke rarrafe suna kai hannu baki. Maganin da ke fitar da dalma daga jini ba ya da wani tasiri idan yaro zai koma gidan da ƙasarsa take da gubar, shi ya sa sai an kankare ƙasar gidaje kafin a fara magani, kuma mutanen ƙauyen Bagega sun jira wannan aiki har 2013.

Garinmu ba ya cikin waɗanda abin ya fi shafa, amma samarinmu suna zuwa haƙar. Tun daga lokacin Likita ya ƙara tambaya ɗaya a kan duk yaron da aka kawo masa da jijjiga: “A gidanku ana daka dutse?” Magidanta da yawa sun ji haushin tambayar, suna ganin so yake ya toshe musu hanyar abinci. Ni shaida ne cewa bai taɓa ce wa kowa ya bar sana'arsa ba. Abin da yake maimaitawa shi ne a bar dutsen a daji, mutum ya yi wanka ya sauya tufafi kafin ya ɗauki ɗansa, kuma turmin da aka daka dutse a ciki kada ya sake ganin hatsi. Ya faɗi haka a asibiti, ya faɗa a ƙofar masallaci bayan sallar Juma'a, ya faɗa a wurin suna.

Ba zan ce ba shi da aibi ba. Yana da zafin rai a kan maza, musamman wanda ya bar yaro ya galabaita a gida sannan ya turo uwar ita kaɗai ba ko sisin kwabo. Layinsa kuma ba ya sauri, domin ba ya sallamar uwa sai ta maimaita masa da bakinta yadda za ta ba da maganin. A shekarun baya-bayan nan, da 'yan bindiga suka tashi ƙauyuka, mutane suka kwararo cikin gari ba gona ba rumbu, tamowa ta yi yawa, ya riƙa yawo da ɗan tef ɗin awon damtsen yara a aljihun rigarsa, wanda idan ya nuna ja, wato ƙasa da santimita 11.5, yaron yana cikin haɗari. Na taɓa ganin ya tsaya a bakin kasuwa yana faɗa da wani mai tireda da ya tarar yana sayar da abincin yara masu tamowa, wanda kyauta ake bayarwa.

Ranar jana'izarsa, mata sun tsaya cirko-cirko a bakin zaurukansu da goyo a baya har aka wuce da makara. Yanzu ɗakin da yake duba yara a kulle yake, kuma uwar da ɗanta ya shiga mawuyacin hali sai ta nemi kuɗin mota zuwa Gusau, a kan hanyar da ba kowa ke yarda ya bi ta da yamma ba. Ina kira ga hukumomin da abin ya shafa su turo mana wani likitan yara kafin damina ta kankama, lokacin da zazzaɓin cizon sauro ke cika gadajen asibiti, su kuma tanadar masa gida da tsaron da za su sa ya iya zama.

Allah ya jiƙansa, ya gafarta masa kurakuransa, ya ba iyalinsa haƙurin rashi.

Naka,
Wani malamin firamare mai ritaya,
daga yammacin jihar Zamfara.